Sauko da kyamara inda mutane suke zaune

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon ɗaukar fim. Ga inda aka kwana a nawa ɓangaren. Tun bayan sallah abu ɗaya na sa a gaba, wato tsayin kyamara daga ƙasa. Na jingine maganar launi, na jingine motsin kyamara, sai na ga bayan wannan tukuna. Kayan aikin dai su ne na da: waya, ƙafa-uku (abin ɗora kyamara), sai kuma tef ɗin awo irin na tela da na ƙara a aljihu.

Duk wanda ya fara karatun nan ya san ƙa'idar. Ka ajiye kyamara daidai idon mutum, mai kallo zai ji su biyun tsara ne. Ka sauko da ita ƙasa tana kallon sama, mutumin ya yi kwarjini. Ka ɗaga ta sama tana kallon ƙasa, ya ƙanƙance. Ƙa'idar gaskiya ce, amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: idon wa, kuma yana zaune a kan me? Yawancin darussan da muke kallo a intanet an yi su ne da mutanen da ke kan kujera, gaban tebur. Mu kuwa a nan Bauchi hirar da ta fi nauyi a kan tabarma ake yin ta, ko darduma, ko kujerar tsuguno a tsakar gida. Neman aure, rabon gado, ta'aziyya, sulhu tsakanin 'yan uwa, duk a ƙasa ne. Na auna da tef: idona a tsaye ya kai santimita 160 daga ƙasa, idon Kawuna a zaune kan buzu bai wuce 75 ba. Mai ɗauka da ya tsaya a kan ƙafarsa ya riƙe waya a fuska, ya riga ya kalli dattijo daga sama tun kafin a ce uffan.

To sai na shirya gwaji a zauren gidanmu. Fitowa ce gajera: Kawu na zaune, ƙanwata ta shigo da kwanon fura, ta durƙusa ta ajiye.

"Kawu, barka da hutawa."

"Barka kadai, 'yar nan. Innarki ta tashi lafiya?"

Shi ke nan maganar. Na ɗauke ta daga tsayi daban-daban ba tare da na canza komai ba. Daga tsaye, tabarma ta cinye fiye da rabin hoton, kawunansu kawai ake gani da kyau, ita kuma ta fito kamar mai laifi a gaban alƙali. Da na sauko daidai idon Kawu, sai ɗakin ya buɗe. Bangon da ke bayansa ya bayyana, da butar alwala a gefe, da hasken ƙofa yana kwance a kafaɗarta. Abin da ya fi kama ni shi ne hannunta: ta ajiye kwanon da hannu biyu, ta ɗan juya shi yadda ludayin zai fuskanci damansa. Daga sama wannan juyin bai fito ba sam, gyalenta ya rufe shi. Daga ƙasa kuwa shi ne zuciyar fitowar. Na ƙara saukowa har kusan gwiwar Kawu, sai azarar rufin zaure ta shigo, shi kuma ya cika hoton. Wannan ya yi ƙarfi da yawa ga gaisuwar safe. Na ajiye shi don ranar da labari zai bukaci ya yanke hukunci.

Ra'ayina a nan ba ya rawa. Durƙuso a wurinmu ladabi ne, kuma wanda ya durƙusa bai rasa mutuncinsa ba. Idan kyamara ta kalle shi daga sama, ta ƙara wa hoton ma'anar da babu ita a ɗakin. Ina yawan ganin haka a finafinanmu, kuma na yi imani ba da gangan ba ne, tsayin ƙafa-uku ne kawai yake yanke wa darakta shawara. Tawa ma ba ta sauka yadda nake so, don haka na koma kifa turmi, in ɗora ƙaramin buhun yashi, in dasa wayar a kai. Yashin yana riƙe ta a duk kusurwar da na karkata ta, ba girgiza.

Wani daga cikin waɗanda suka yi karatu a cibiyar koyar da fim ta ƙasa da ke Jos ne ya nuna min cewa wannan hanya tana da tsohon malami. Yasujiro Ozu, daraktan Japan da ya rasu a 1963, ya shahara da ajiye kyamara ƙasa ƙasa, don mutanensa a kan tabarmar ɗaki suke zama. Kusan kullum da gilashin kyamara (lens) mai milimita 50 yake aiki, kuma a finafinansa na ƙarshe da wuya ka ga kyamara ta motsa. Na zauna na kalli wasu fitowa nasa ba tare da sauti ba. Ba na jin yaren, amma na gane wane ne uba, wace ce 'ya, wa ke jin nauyin wa. Duk wanda zai ɗauki labarin cikin gida a ƙasar Hausa, ina ba shi shawara ya nemi aikin mutumin nan.

Zauren ya kuma koya min layin digiri 180 a aikace. Ka ja layi a zuciyarka daga Kawu zuwa ƙanwata, ka zaɓi gefe ɗaya, ka tsaya a nan. Muddin kana wannan gefen, shi yana kallon dama ita tana kallon hagu, idanunsu na haɗuwa idan aka jera hotunan. Ka tsallaka, sai su biyun su koma kallon waje ɗaya, mai kallo ya rikice ba tare da ya san dalili ba. Wahalar zaure ita ce ƙunci da kuma ƙofa. Gefen da ke da fili shi ne wanda ke fuskantar hasken waje, fuskoki su yi baƙi ƙirin, sai inuwa. Na zaɓi gefen ƙuncin, ƙofa ta koma bayana, na manne da bango. Akwai kuma 'yar uwarta, ƙa'idar digiri 30: idan za ka yanka daga wani hoto zuwa wani na mutum ɗaya, matsar da kyamara gefe aƙalla digiri 30, in ba haka ba hoton ya yi tsalle.

Abu ɗaya a gurguje ga masu ɗauka a ƙarƙashin kwan lantarki. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a kan hoto 30 a daƙiƙa, shi ya sa wani lokaci haske ke ƙyaftawa. Mayar da wayar hoto 25 a daƙiƙa, saurin rufewar idon kyamara (shutter) ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, yawanci sai ya lafa.

Kan ɗaukar kusa, babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, wajen milimita 24 zuwa 26 in aka kwatanta da manyan kyamarori. Ka kusanto da ita fuska, hanci ya kumbura, kunnuwa su ja baya. Kusancin ne ke jawo haka. Na ja baya taku biyu na jawo hoton ninki biyu, fuskar Kawu ta dawo yadda muka san ta. Sai maganar filin da ake bari a saman kai. Littafi ya ce kaɗan, amma littafi bai yi lissafin zanna bukar ba, balle ɗaurin ɗankwalin biki. Abin da nake yi yanzu, in sa idanu a kan layin sama na layukan da suka raba hoto gida uku, in bar hula ta samu wurinta. In ɗaukar ta yi kusa sosai, gara in yanke hular a tsakiya da in shafi bakinta na sama, don wannan yana kama da kuskure.

A waje kuwa, wurare biyu na je. A kasuwar Wunti na gwada jera hoto hawa uku: tiren tumatir a gaba, mai kayan a tsakiya, masu wucewa a baya. Da yamma bayan la'asar ya fi, don rana tsaka tana zuba inuwa a ramin ido. A nemi izini kafin a ɗaga waya. "Baba, ɗalibi ne ni, ko zan iya ɗaukar kayan nan?" Wasu za su ce a'a, sai ka yi godiya ka wuce. Na biyun kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa ne. Ana bi ta wani lungu mai duhu kafin a fita fili mai haske inda kabarin yake, kuma dogayen bangayen suna jan ido gaba da kansu. Wanda yake son fahimtar yadda layuka ke jagorantar kallo, ya je ya tsaya a bakin lungun nan, ko da ba zai ɗauki komai ba. Wuri ne na girmamawa, a tambayi masu kula da shi.

Abin da ya rage min a gaba shi ne fitowar da mutum ɗaya ke tsaye ɗaya na zaune, misali ɗa ya shigo da labari cikin gaggawa bai kai ga tsugunawa ba. A hoto mai faɗi, wato faɗi 16 tsayi 9, ko dai kan na tsaye ya fita ko na zaune ya nutse a ƙasan hoton. Ja da baya yana magance shi, sai dai zaure ba shi da bayan da za a ja. Ranar Asabar zan gwada ɗauka ta cikin ƙofar tsakar gida, ƙofar ta zama firam a cikin firam, in ga ko tsayinta zai ɗauke su su biyun. Wanda ya taɓa warware irin wannan a ƙaramin ɗaki, don Allah ya faɗa min inda ya dasa kyamararsa da kuma tsayinta daga ƙasa.