Sakamakon jini da safe, wayar ƙanwata da dare

Yau Talata. Da sassafe na tafi asibiti karɓar sakamakon gwajin jinin da ake maimaita mini lokaci-lokaci tun da aka gano ina da cutar siliyak. Sunan gwajin tTG-IgA. Yana auna wasu sinadaran garkuwar jiki da ke tashi a jinin mai wannan cuta idan yana cin gulutin, wato furotin ɗin da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. A gwajin farko adadin nawa ya haura inda ya kamata nesa ba kusa ba. Yau likita ta juyo mini da takardar, ta ɗora biro a kan lambar, ta ce saura ƙiris ya dawo daidai. Jinina ma ya ƙaru. Alhamdulillah.

Na ce, "Likita, hanjin ya warke ke nan?" Ta girgiza kai. Ta ce saukar lambar alama ce cewa ina kiyaye abinci, amma warkewar hanji tafiyarta daban. Yara kan warke cikin watanni, babba kuwa yakan kai shekara biyu ko ma fiye. Ta sake zana mini abin a bayan takarda. Cikin ƙaramin hanji cike yake da 'yan ƙananan tsirai kamar gashin sabon tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su tura shi cikin jini. A jikin mai siliyak, da gulutin ya iso sai garkuwar jiki ta far wa bangon hanjin, tsiran su kwanta su shafe. Mutum yana ci yana ƙoshi, jikinsa kuwa da yunwa yake kwana.

Ina hanyar zuwa wurin aiki na riƙa tuna shekarun da na yi kafin a san sunan abin da ke damuna. Kumburin ciki kullum bayan cin abinci. Wani mako gudawa, wani mako bayan gida ya ƙi fita. Gyambon baki da ba ya gama warkewa sai wani ya fito. Gajiyar ita ce ta fi ci mini rai, don ba ta da hujjar da zan nuna wa kowa, barci ba ya maganinta, hutu ba ya maganinta. An ce olsa ce, an ce damuwa ce. Abin da ya tona asirin cutar shi ne ƙarancin jini: ina shan ƙwayoyin ƙarin jini yadda aka rubuta, amma kamar ban sha ba. Wata likita ce ta tsaya a kan wannan. Ta ce sinadarin ƙarfe a farkon ƙaramin hanji ake tsotsarsa, kuma daidai nan ne siliyak ta fi yin ɓarna. Daga nan aka yi gwajin jini, sannan aka zura mini siririyar na'ura mai kyamara ta baki aka ɗebo 'yan gutsattsarin naman hanji aka duba. Har yau ina yi wa matar nan addu'a. Ba wani abin mamaki ta yi ba, tambayar da ta dace kawai ta yi.

Yau kafin in fito daga asibiti likita ta rubuta mini gwajin ƙarfin ƙashi, saboda kalsiyam da bitamin D su ma suna cikin abin da hanji mai rauni ke bari ya wuce.

Da rana wata abokiyar aikina ta kawo kek, ana ta yankawa ana rabawa. Ta miƙo mini nawa a kan takarda. Na yi godiya na ce ba na ci. Ta ce, "Haba Malama, ɗan wannan? Ɗanɗana kawai, ai ba zai yi komai ba." Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani, kuma wannan ne ke sa amsar ta yi nauyi a baki. Mutane suna ɗauka abin irin na mai rage ƙiba ne, wanda in ya karya yau zai gyara gobe. Ma'aunin da aka amince da shi a duniya kafin a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kowane kilo. Ɓurɓushin burodi da ya faɗa cikin faranti ya isa ya wuce wannan. Na faɗa mata haka a taƙaice, ta yi shiru, sannan ta tambaya ko zan faɗi ne nan take in na ci. Na ce a'a. Wataƙila in kwana ina murƙususu, wataƙila kuma ban ji komai ba, amma hanjin zai ji. Akwai masu wannan cuta da ba su taɓa ciwon ciki ba, sai dai a gano ta ta hanyar raunin ƙashi, ko ƙarancin jini, ko wasu ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa.

Wani da ke gefe ya ce ai wannan ciwon Turawa ne, kuma na zamani. Ban ja da shi ba a wurin, amma maganar ta tsaya mini. Tun 1888 wani likita a Landan, Samuel Gee, ya yi bayanin cutar dalla-dalla, har ya ce in za a warke to ta hanyar abinci ne, ko da yake bai gano wane abincin ba. Wanda ya ɗora yatsa a kan alkama shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. A lokacin yunwar da aka yi can a 1944 zuwa 1945, burodi ya yi wuya, sai yaran da ke fama da cutar suka samu sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo. Ya rubuta bincikensa a 1950. Batun Turawa kuwa, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da ita a duniya, kuma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a yaran Sahrawi na Yammacin Sahara ne, sama da kashi 5 cikin 100. Mafi yawan masu ita ba su ma san suna da ita ba. Inda ba a gwaji, dole a ce babu.

Bayan na tashi na biya sayayya. Yanzu ba na ɗaukar komai ban juya bayansa na karanta ba, ko da na saba sayensa, don kamfani kan canza haɗi ba tare da sanarwa ba. Alkama kan ɓuya a inda ba a zato: garin miya na leda, wasu sinadaran ɗanɗano, naman gwangwani, ruwan ɗanɗano na waken soya na kwalba. Inda aka rubuta molt, galibi daga sha'ir ne. Na tsaya gaban burodin da aka yi musamman don irinmu, na duba na mayar. Tsada gare shi, kuma yawancin irinsa sitaci ne da sukari da mai, ba wani abin kirki. Na fi samun natsuwa da abin da tun asali ba ruwansa da gulutin: shinkafa, masara, gero, dawa, dankali, rogo, wake, ƙwai, kifi, nama, ganye. Su ma garinsu sai na san inda aka niƙa, don injin da ya niƙa alkama da safe ba zai ba ni gari mai tsabta da yamma ba. Haka man da aka soya abu mai fulawa a ciki. A gida rariyata daban, cokalin katakona daban.

Ina cikin girki ƙanwata ta kira. Murya cike da murna ta ce, "Yaya, albishirinki. Na bar cin burodi da taliya kwana biyun nan, wallahi cikina ya lafa. Ina jin irin ciwonki ne da ni." Sai da na kashe wuta na zauna.

Ta daɗe tana kukan gajiya da kumburi, kuma tun ranar da aka gano tawa likita ta ce iyaye da 'yan'uwa da 'ya'ya su yi gwaji, domin a cikinsu kusan 1 cikin 10 ne ake samu da cutar. Gado na da hannu. Akwai ƙwayoyin halitta biyu, DQ2 da DQ8, waɗanda kusan duk mai siliyak yana ɗauke da ɗayansu, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane suna da su kuma yawancinsu lafiya lau suke. Don haka zatonta ba banza ba ne. Matsalar ita ce ta fara daga ƙarshe.

Na ce mata, "Ki koma cin abincinki yadda kika saba har a gwada ki." Ta ce, "Yaya, ke da kike hana kanki, ni kuma ki ce in ci?" Na ce gwajin nan martanin jiki yake nema. In kin daina cin gulutin, sinadaran da ake aunawa za su sauka, hanjin ya fara gyaruwa, sakamako ya fito ya ce ba ki da komai alhali kina da shi. In kuma aka daɗe, sai likita ya ce ki koma ci kullum na makonni kafin a gwada, kuma wanda ya ɗanɗani sauƙi ya san wahalar komawa. Ita yanzu ta fara, komawar ba za ta yi mata tsanani haka ba.

Ta ce to mene ne amfanin takarda tunda ta riga ta ga abin da ke yi mata daɗi. A nan na ɗan ɗaga murya, don abin ya shafe ni. Jin sauƙi bayan barin alkama ba ya nuna siliyak ce, akwai wasu matsalolin hanji da ke lafawa haka, kuma kowacce da yadda ake bi da ita. In siliyak ce, barin burodi kaɗai bai isa ba, doka ce ta har abada, har da ɓurɓushi da cokali da man suya, ga bibiyar jini da ƙashi, ga 'ya'yanta da su ma za a duba. Wanda bai tabbatar ba ba zai iya riƙe wannan dokar shekara da shekaru ba, ranar biki ɗaya za ta karya shi. In kuma ba ita ba ce, me zai sa ta ɗaure kanta da igiyar da ba tata ba, ainihin ciwon kuma yana nan ba a nemo shi ba?

Ta yi jim, sannan ta ce, "To Yaya, na ji. Amma ke za ki raka ni." Na ce ko ba ta ce ba. Na tuna mata ta nemi a haɗa da awon jimillar IgA, wato irin sinadarin garkuwar da gwajin ya dogara da shi, domin wasu jikinsu ba ya yin isasshe, sai gwajin ya fito babu komai a bisa kuskure. Mun tsayar da ranar Alhamis. Saura yayanmu, wanda tun bara yake cewa shi lafiyarsa ƙalau. Ta ce in bar mata shi, ita ta san ta inda za ta ɓullo masa.