Kafin ka ce simash, koyi tarbar ƙwallo tukuna

Kusan shekara biyu kenan ina zuwa filin wata makarantar sakandire da ke bayan unguwarmu, inda muke buga ƙwallon raga bayan la'asar har a kira magariba. Ba kulob ba ne, mu dai ne, akwai 'yan kasuwa, akwai ɗalibai masu hutu, akwai ma'aikatan da suke tasowa daga ofis su canja kaya a mota. Da toka muke zana layi amma mun auna da tef, tsawo mita 18, faɗi mita 9, raga kuma mita 2.43 irin ta maza, in ƙannenmu mata za su buga sai a sauke ta zuwa 2.24.

Abin da ke damuna shi ne kowa simash yake so, wato ya yi tsalle ya maka ƙwallo da ƙarfi cikin filin abokan hamayya. Mutum ya kalli 'yan Burazil ko Italiya a YouTube da dare, gobe ya zo yana ta tsalle a gaban raga, alhali simash taɓawa ta uku ce, in ta farko ta lalace to seta, mai taɓawa ta biyu, ba shi da abin da zai ɗaga maka, sai dai a yi ta bin ƙwallo cikin ciyawa. Ni ma haka na fara wallahi, har ranar da wani dattijo, tsohon malamin motsa jiki da ke zuwa kallonmu, ya kira ni gefe ya ce "ɗana, da ƙafa ake tarbar ƙwallon nan, hannu faranti ne kawai." Na ce Malam ban gane ba. Sai ya riƙe hannuna ya gyara min.

Ga yadda ya nuna min, kuma shi ne ya canja min wasa gaba ɗaya. Ka ɗora tafin hannu ɗaya a kan ɗaya, manyan yatsu su jeru gefe da gefe suna kallon ƙasa, kar ka sarƙe yatsu cikin juna don nan ake samun targaɗe. Gwiwar hannu a miƙe sambal, ƙwallo ta sauka tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ba a kan dunƙule ba. Sannan babban abin, ka ɗan durƙusa, ka tafi da ƙafarka ka tsaya a inda ƙwallon za ta sauka tun kafin ta iso, maimakon ka tsaya ƙyam kana miƙa hannu gefe. Kuma kar ka wurga hannu sama kamar mai sheƙe hatsi, gwiwa ce za ta ɗaga ka kaɗan, farantin kuma ya fuskanci inda kake so ta je. Sati biyun farko hannuna ya yi jawur yana zafi, daga baya ya saba. Kullum da safe ina bugawa da bangon gidanmu, ina ƙirgawa, na fara da bakwai ba faɗuwa, yanzu ina wuce hamsin.

Af, don Allah a daina ba yara ƙwallon ƙafa su koyi wannan wasan da ita. Ta raga giram 260 zuwa 280 ce, ta ƙafa ta haura 400, yaro ya tare ta sau uku ya ji ciwo shi ke nan ya tsani wasan.

Sabis kuma, wato bugun da ake fara wasa da shi, in dai na sama bai zauna maka ba to ka yi na ƙasa, ba abin kunya ba ne. Ka taka da ƙafar da ke kishiyar hannun da za ka buga da shi, ka daki ƙwallon da gindin tafi. Tunda yanzu kowace ƙwallo maki ce har zuwa 25, sabis ɗaya a raga kyautar maki ce ka ba abokan hamayya.

Sai magana. Sau nawa ƙwallo take faɗuwa tsakanin mutum biyu kowa yana kallon ɗan'uwansa? Ka ce "bar min!" da ƙarfi da wuri, wanda ya ji kuma ya matsa. Malam ya taɓa gaya mana cewa William Morgan da ya ƙirƙiri wasan a Amurka a 1895, manyan mutanen da ƙwallon kwando ta yi wa tsanani ya yi wa shi, don su samu abin da za su yi ta miƙa wa juna ba turereniya. Mun sa doka a filinmu, rabin awar farko dole a taɓa sau uku kafin a tsallakar. Da farko an yi ta gunaguni, yanzu har masu sayar da fiya wata suna tsayawa kallo saboda ƙwallo tana daɗewa a sama.

Ranar Asabar zan je da wuri in Allah Ya yarda, akwai yara biyu sababbi da suka ce in nuna musu haɗa hannu, zan tafi da ƙwallo ta biyu da famfo.