Rahoton da ya fara da sauro

Talata, tsakiyar Agusta.

Yau an wuni ana ruwa, ni kuma na wuni a kan rahoton zagaye na biyu na rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 na kwana uku a jere a kowane wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Matashin ma'aikacin da aka turo mana kwanan nan shi ya tsara shi, kuma ya yi ƙoƙari, amma shafin farko gaba ɗaya ya tafi a bayanin cewa sauro ne ke yaɗa cutar, cewa tana ƙamari da damina, da kuma cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan tsari a 2012. Babu ƙarya a ciki, sai dai darakta za a kai wa takardar, likitan da ya yi furfura a wannan aiki, wanda idan ya ga ana karantar da shi abin da ya sani zai ture fayil ɗin gefe ya jawo wani.

Da na kira yaron, sai ya ce, "Hajiya, ai a makaranta an koya mana cewa kowane rahoto sai da shimfiɗa." Na ce masa shimfiɗa ta baƙon al'amari ce, kuma abin da darakta bai sani ba yana can binne a shafi na uku: masu rabo sun tarar da ragowar ƙwayoyin watan jiya a gidaje da dama. A rana ta farko a gaban mai rabo ake ba yaro maganin, amma na rana ta biyu da ta uku uwa ake bar wa, kuma iyaye da yawa sun tsaya a na farkon. Wannan muka mayar jimlar farko bayan gaisuwa. Gaisuwar kam ban taɓa ta ba, domin "ranka ya daɗe" ladabi ne, ba cika takarda ba ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a takardar saƙon da masu rabo za su riƙa faɗa wa iyaye mata, yaron nan da kansa ya soke jimlar da ke cewa a ba da ragowar maganin ko da yaro lafiyarsa ƙalau, wai don kowa ya san haka. Ƙwayoyin da aka samu a ƙulle cikin leda sun nuna ba kowa ya sani ba, saboda haka na sa ya mayar da ita, ya kuma ja mata layi.

Kafin la'asar rahoton ya koma shafi ɗaya da rabi, masinja ya kai shi sama, kuma darakta ya rubuta a gefe cewa a tara masu sa ido na unguwanni ranar Alhamis.