Kafin Ku Kama Gida a Baƙon Birni, Ku Fara Nemo wa Yara Makaranta

Ƙannena masu shirin kwashe iyali zuwa wata ƙasa, don aiki ko don karatu, yawancin wahalar watanni ukun farko daga rashin sanin abin da za a fara da shi take fitowa. A baƙon birni komai a sarƙe yake da wani. Banki na neman adireshi, mai gidan haya na neman takardar banki da ta albashi, makaranta na neman shaidar inda kuke zaune, asibiti na neman lambar inshora, ita kuma lambar ba ta fitowa sai an yi rajista da hukuma. Wanda ya fara da abin da ya kamata ya zo na huɗu, zai yi ta zarya tsakanin ofisoshi da yara a hannu, kowa na tura shi wurin wani. Bahaushe ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, to ga jerin abubuwan da mu da muka riga ku za mu iya nuna muku.

Takardu tun kuna gida ake gama su. Takardar haihuwar kowane yaro, takardar aure, katin rigakafi, sakamakon makaranta na shekara biyu da suka wuce, da wasiƙar barin makaranta. Ku shimfiɗa su gaba ɗaya a kan tebur tare da fasfo, ku bi sunaye harafi bayan harafi. Idan sunan uba ya fito da harafi biyu a takardar haihuwa, ya fito da ɗaya a fasfo, jami'in can ba ya da hurumin ya ce ai mutum ɗaya ne. Gyaran da zai ɗauke ku mako guda kuna gida, daga nesa sai ya ci watanni. Bayan haka sai tantancewa. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Hague ta 1961 suna karɓar hatimi guda a tsakaninsu, wanda ake kira afostil. Idan ƙasarku ko wadda za ku ba ta ciki, takardar sai ta bi ta ma'aikatar harkokin waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ku. Fassara kuma ba kowa ake yarda ya yi ba, ƙasashe da yawa sai ta mai fassarar da kotu ta rantsar, don haka ku tambaya kafin ku biya wani. Ku duba ranar ƙarewar fasfon yara, domin a ƙasashe da dama na yara ya fi na manya gajeren wa'adi, kuma akwai ƙasashen da ba sa barin mutum ya shiga sai da saura wata shida a fasfonsa. In uwa ce kaɗai za ta taho da yara daga baya, ta riƙe wasiƙar amincewar uba mai hatimin lauya. Duk waɗannan a jakar hannu suke tafiya, kada a jefa su cikin akwatin da za a auna, kuma a ɗauki hotonsu a ajiye a imel ɗin miji da na mata.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne sa hannu a hayar shekara guda tun kafin a sauka, ko a makon farko don a huta da otal. Ku kama masauki mai kaya a ciki na mako huɗu zuwa takwas. Ku tambayi mai shi tun farko ko zai ba ku takardar da za ku yi rajistar adireshi da ita, don ba kowane masauki ne ke bayarwa ba. A Jamus, alal misali, doka ta ba mutum mako biyu bayan tarewa ya yi rajista, kuma sai da takarda daga mai gida. A cikin waɗannan makonni ne za ku nemo makaranta, sannan gida ya biyo ta. Dalili kuwa, a birane da yawa makarantar gwamnati adireshi take bi: unguwar da kuka zauna ita ke yanke inda yaro zai shiga, wani lokaci titi ɗaya ne ya raba makarantar da ke da ajin koyar da baƙi harshe da wadda ba ta da shi.

Idan kun ga gidan da ya yi muku, ku dawo ranar aiki da ƙarfe bakwai da rabi na safe, ku bi hanyar da yaro zai bi, da ƙafa ko a bas, ku duba agogo. Tafiyar da taswirar waya ta ce minti goma ce, da ɗan shekara biyar da keken jariri ta kan ninka. Ku lura da hawa: bene na huɗu babu lif, da cefane da jariri, kullum ne. Ku tambayi ko wane ne ke zaune a hawan da ke ƙarƙashin naku, domin gudun yara a kan daɓen katako ƙara yake yi a kan maƙwabci, kuma daga nan yawancin rigima ke tashi. Ku tambayi ko kuɗin ɗumama ɗaki na cikin haya. Kuɗin ajiya, wanda mai gida ke riƙewa ko za a yi ɓarna, yana da iyaka a wasu ƙasashe: a Ingila haya ta mako biyar ce ga yawancin gidaje tun 2019, a Jamus ba ya wuce haya ta wata uku. Kada ku tura wa kowa ko sisi kafin ku shiga gidan da ƙafarku, masu damfara sun san baƙi a matse suke. Ranar karɓar makulli ku ɗauki hoton kowane tabo a bango da lambar kowace mita, ku tura wa mai gida a rubuce. Da wannan ne za ku karɓo kuɗin ajiyarku ranar tashi.

Maganar makaranta tana son a tsaya a kanta. Shekarar karatu ba lokaci ɗaya take farawa a ko'ina ba. A yawancin Turai da Amurka tsakanin Agusta da Satumba ne, a Japan Afrilu, a Koriya ta Kudu Maris, a Ostireliya da Afirka ta Kudu farkon shekara. Wanda bai lissafa wannan ba, yaronsa zai iya zama a gida wata da watanni, ko ya faɗa tsakiyar zango an riga an ƙulla abota an raba kujeru. Wurare da yawa kuma da ranar haihuwa suke sa yaro a aji, ba sa duba cewa an taɓa tsallakar da shi. Kada ku yi faɗa a kan wannan. Yaron da ke fama da sabon harshe ya fi samun sauƙi cikin sa'anninsa.

Tsakanin makarantar ƙasa da ƙasa da ta 'yan gari, abu biyu ne za su yanke muku: shekarun yaro da tsawon zamanku. Ɗan ƙasa da shekara goma, kuma za ku daɗe, ku sa shi ta 'yan gari, zai sami harshe da abokai a unguwa. Ɗan shekara goma sha huɗu zuwa sama, ko kuma zamanku bai wuce shekara biyu ko uku ba, ku nemi inda zai ci gaba da manhajar da ya saba. IGCSE da difulomar IB, manhajojin sakandare na makarantun ƙasa da ƙasa, duk karatun shekara biyu ne a haɗe, cire yaro a tsakiya na iya sa ya sake daga farko. In kamfani ne zai biya kuɗin makaranta, ku sa a rubuta a kwantiragi ko ya haɗa da kuɗin shiga, bas, yunifom da na jarrabawa, don waɗannan daban ake cajinsu. Gidan renon ƙanana kuwa, ku rubuta suna a wurare uku ko huɗu ranar da kuka sami adireshi, layin jira a manyan birane na iya kai shekara. Katin rigakafi a nan zai yi aiki: Jamus ta wajabta shaidar rigakafin ƙyanda ga yaran makaranta da na gidan reno tun Maris 2020, a 2018 Faransa ta wajabta rigakafi goma sha ɗaya ga yaran da aka haifa daga wannan shekarar, jihohin Amurka ma kowacce da nata jerin.

Ƙaramin yaro zai iya yin makonni, har watanni, bai ce uffan a aji ba. Sauraro yake yi, kada ku tsorata, kada kuma ku matsa masa. Abin da ya fi yaudarar iyaye shi ne wanda ke biyo baya: cikin shekara ɗaya ko biyu yaro ya iya hira kamar ɗan gari, sai a ɗauka ya gama. Binciken masanin koyon harshe Jim Cummins a Kanada ya nuna harshen karatu, wanda ake rubuta insha'i da amsa tambayar kimiyya da shi, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Saboda haka kada ku yarda a cire yaro daga ajin tallafin harshe don kawai bakinsa ya buɗe. A gida kuma ku riƙe harshenku. Iyaye da yawa kan koma yi wa yara magana da gurguwar sabon harshe wai don su taimaka, ƙarshe yaro ya kwashi kuskurensu, ya kuma kasa gaisawa da kakarsa a waya. Abu ɗaya da nake ganin bai dace ba ko kaɗan: mai da yaro tafinta a gaban likita ko jami'in shige da fice. Ku nemi tafinta babba, akwai maganar da bai kamata ɗan shekara goma ya ɗauka ba.

Ku san dokar ƙasar game da yara tun a makon farko, don ba a karɓar "ban sani ba". Suwidin ta haramta dukan yara, har a cikin gida, tun 1979, kuma ƙasashe fiye da sittin sun bi sahu, ciki har da Jamus a 2000 da Faransa a 2019. Malami ko likitan da ya ga shaida a jikin yaro, a wurare da yawa wajibi ne a kansa ya kai rahoto. Barin ƙanana su kaɗai a gida ko a cikin mota, ko na minti kaɗan ne, na iya jawo 'yan sanda. Idan ma'aikatan kula da yara suka ƙwanƙwasa ƙofa, ku buɗe, ku nemi tafinta, ku rubuta sunan wanda ya zo, kada ku sa hannu a abin da ba ku fahimta ba. Fashin makaranta ma laifi ne: a Ingila ana cin tarar iyayen da suka tafi da yaro hutu ana cikin zango ba da izini ba, a Jamus kuwa koyar da yaro a gida maimakon makaranta haramun ne. A Tarayyar Turai yaron da bai kai santimita 135 ba, a wasu ƙasashen 150, sai da kujerar yara a mota.

Likita tun ana lafiya ake nemansa. Ku yi rajista da likitan iyali da na yara a watan farko, ku gano asibitin da ke karɓar yara da dare, ku koya wa yara lambar gaggawa: 112 a Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya. Shekarar farko a makaranta ko gidan reno, mura da tari ba sa yankewa, cututtuka ne da jikinsu bai saba da su ba, don haka ku tsara tun wuri wanda zai zauna da marar lafiya. Maganin da ake sha kullum, ku taho da na wata biyu ko uku a kwalinsa na asali, da wasiƙar likita mai ɗauke da sunan sinadarin, don sunan kasuwa yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Masu kodin ko tiramadol a ciki sai an bincika, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na da tsauri ƙwarai a kansu. A ƙasashen sanyi rana ba ta isar fata ta samar da bitamin D a hunturu. Hukumar lafiyar Birtaniya na ba da shawarar maikirogiram 10 a kullum a lokacin, masu duhun fata kuwa duk shekara. Kayan sanyi can za ku saya, kuma na hannu sun isa, yaro ba ya maimaita rigar sanyi shekara biyu.

Wanda aka fi mantawa shi ne wanda ya biyo, mata ce ko miji. Mai aiki ya sami ofis da abokan hira tun ranar farko, yara sun sami makaranta, shi kuwa ɗayan an bar shi da bango huɗu da wasiƙun da ba ya iya karantawa. Ɗokin zuwa yakan dushe bayan 'yan watanni, daidai lokacin da aka gama hidimar tarewa, daga nan ƙunci ke shiga, yara kuma su ne na farko da ke ji a jikinsu. Ku bincika tun kafin tafiya ko bizar mai biyo iyali ta ba da damar aiki. Ya sami layin waya nasa, katin banki nasa, tikitin bas nasa, ya shiga ajin koyon harshe a watan farko ko da sau biyu a mako ne. Ƙofar makaranta lokacin tashi, ɗakin karatu na unguwa da wurin ibada, nan ake samun mutane. Ku kusanci 'yan ƙasarku, za su rage muku kewa, amma maganar biza da haraji kada ku ɗauke ta daga bakinsu, da yawa dokar shekarar da suka zo suke faɗa muku. Lasin tuƙi ma ana mantawa: na waje wata shida yake aiki a Jamus ga yawancin baƙi, wata goma sha biyu a Birtaniya, kuma samun ranar gwaji na ɗaukar lokaci, ku fara nema da wuri.

Izinin zaman iyali gaba ɗaya yawanci a rataye yake da aikin mutum ɗaya. Ranar da aikin ya tsaya, agogo ya fara bugawa. Mai bizar aiki ta H-1B a Amurka kwana 60 ne mafi yawan abin da ake ba shi ya sami wani aiki ko ya fita. Ku tambayi naku wa'adin, ku duba ko kwantiragin haya na da sharaɗin fita kafin lokaci, ku kuma ware kuɗin tikitin komawa na kowa da kowa da haya ta wata uku a asusun da ku biyun duk za ku iya cirewa.