Talata, ranar ganin likita

Tun bayan asuba na shirya dan in riga rana fita, amma yatsun nan sun ƙage wlh ko murfin filas na kasa murɗawa, sai da Umma ta kawo ruwan ɗumi na tsoma hannu tukunna suka saki.

Sakamakon fitsari ya fito, akwai furotin a ciki. Dama jikina ya ba ni, sati biyu kenan fitsarin yana kumfa, ƙafata kuma in na danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Likita ta ce ciwon lupus ɗin da nake fama da shi ne yake neman taɓa ƙoda, garkuwar jikin da ya kamata ta yaƙi ƙwayar cuta ita ce ta juyo kaina. Ta rubuta a sake gwajin jini, ta ɗan ƙara min furednisolon, ta kuma ja min kunne kan haidiroksikulorokwin, ko na ji garau kar in bari, kuma in je a duba min ido dan in an daɗe ana shansa yakan taɓa gani.

A layi na zauna kusa da wata yarinya, ba ta fi 19 ba, jan kurjin nan na lupus ya hau kumatunta ya haɗe ta kan karan hanci, gashin gabanta duk ya zube. Mamanta ta ce wata takwas suna maganin maleriya da taifot. Sai da na juya kai na share hawaye, dan ni ma haka na yi ta yawo, wannan ya ce sanyin ƙashi wancan ya ce sammu, kafin a yi min gwajin ANA, gwajin jinin da ke taimakawa wajen gano lupus. Duk layin mata ne in ban da mutum ɗaya, dama cikin masu lupus goma tara mata ne. Na ce mata ta riƙa yawo da lema, rana tana tayar da ciwon sosai.

Da yamma Gwaggo ta zo, ta kalli fuskata da magani ya kumbura ta ce Masha Allah na yi ƙiba na warke, in ajiye ƙwayoyin nan ga jiƙo ta kawo min. Na ce Gwaggo ki yi haƙuri, wannan ciwon lallaɓa shi ake yi baya warkewa duka, kuma ƙodata ba za ta ɗauki jiƙo ba yanzu. Ranta bai so ba, na gani.

An ba ni galan, gobe da safe zan fara tara fitsarin awa 24, jibi in kai musu.