Sunan ƙauye nake fara tambaya

Mu uku ne a ɗan ofishinmu da ke Hamburg: ni, da wani matashi mai kula da wasiƙu da lissafi, da wata dattijuwa Bajamushiya da ta koyi tsohon rubutun hannu a wurin kakarta. Sana'armu nemo wa mutane asalin kakanninsu da suka yi ƙaura daga Jamus. Yawancin masu kawo mana aiki Amurkawa ne, sai 'yan Brazil jefi-jefi.

Duk wanda ya rubuto, kafin mu yi maganar kuɗi nakan tambaye shi: wane ƙauye? Da yawa sukan ce ai kakan daga Jamus yake, shi ke nan. To, Jamus ba ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya ba sai 1871, kuma babu wani kundi guda da aka tara sunayen mutanenta a ciki. Takardun ƙidayar Amurka sukan ce Prussia ko Bavaria kawai, wato tsofaffin masarautun Jamusawa, alhali wani yanki mai faɗi na Prussia yau yana cikin Poland. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta hukuma ta fara a Prussia a 1874, ta game ƙasar a 1876. Kafin nan, a yawancin wurare, littafin coci ne kaɗai, kowace coci da nata. In babu sunan ƙauye, ba ka san littafin da za ka buɗe ba.

Shi ya sa nakan sa mutum ya fara bincike a gidansu. Ya duba sanarwar rasuwa a tsohuwar jarida, da wasiƙun da ke ƙasan akwati, da littafin cocin Jamusawa na garin da kakan ya sauka, a Wisconsin ko Missouri, don limaman can sukan rubuta mahaifar mamaci.

Idan ta Hamburg mutum ya fita, an yi sa'a. Jerin sunayen fasinjojin jiragen ruwa daga 1850 zuwa 1934 yana nan a gidan adana takardun tarihi na birnin, mutum kusan miliyan 5, kuma an rubuta garin da kowa ya baro. Bremen ce ke ƙona mini rai. Waɗanda suka bi ta can sun fi yawa, amma tun 1875 ma'aikata suka riƙa lalata tsofaffin takardun wai babu wurin ajiya, ruwan bama-bamai na 1944 ya ƙarasa mafi yawan abin da ya rage.

Ko an samu ƙauyen ma, da sauran rina a kaba. An rubuta littattafan da tsohon salon rubutun hannu da ake kira Kurrent, wanda aka daina koyarwa a makarantu bayan 1941, don haka yawancin Jamusawan yau ba sa iya karanta shi. Harafin e da n kamar tagwaye suke. Dattijuwarmu takan sa gilashin ƙara girma, ta yi kwata tana kallon kalma ɗaya, ba ta cewa uffan sai ta gwada ta da wasu kalmomin da limamin ya rubuta a shafin.

Akwai wata mata daga Ohio da ta aiko mana da salsalarta har kaka goma sha ɗaya, ta kwaso a intanet, tana son mu tabbatar kawai. Kakan da ya haye teku Johann ne. Muka buɗe littafin baftisma, ga sunan, ga shekarar ta yi daidai. Sai dattijuwar ta ɗora yatsa a gefen shafin ta ce, "Ɗana, dubi nan." Wani ɗan ƙaramin gicciye ne. Haka limamai ke yi idan yaron ya rasu. Muka duba littafin jana'iza, ashe wannan Johann yana ɗan shekara biyu aka binne shi. A irin waɗannan ƙauyuka gida ɗaya kan sa wa 'ya'ya maza uku Johann, suna na biyu ne ake kiran kowa da shi. Kakan matar Johann Georg ne, kuma sai bayan mako uku muka gano shi a cocin ƙauyen da ke maƙwabtaka, iyayensa daban.

Rubuta mata wannan wasiƙa ya yi mini nauyi, domin ta riga ta buga salsalar ta raba wa dangi. Amma ba zan karɓi kuɗin mutum in jingina shi da kabarin jariri ba. Na aika mata hoton shafin da gicciyen, na bayyana cewa kakanni bakwai na sama ba nata ba ne, na kuma ba ta huɗu da muka tabbatar da takarda. Wata biyu ba ta amsa ba.

Daga baya ta rubuto tana tambayar jirgin ƙasan da ke zuwa ƙauyen na biyu, da ko cocin tana nan. Tana nan. Na kira ofishin limamin, aka sa mata ranar Talata da safe za a fito mata da littafin.