Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na koma sujada

A makon jiya na tsaya a inda 'yan ta'aziyya suka watse, gida ya rage daga ni sai yara uku, sai takalman babansu a bakin ƙofa da na kasa ɗaukewa. Yau zan ba ku labarin komawata majami'a, wadda ta fi mini ranar jana'izar kanta wuya.

Lahadi biyar na yi ban je sujada ba. Abin da nake gudu shi ne wurin mawaƙa. Shekara 14 maigidana yana tsayawa a layin baya, wajen masu babbar murya, kuma ko idona a rufe nakan tsamo muryarsa a cikin mutum talatin. Na san ina shiga, can idona zai fara zuwa.

Haka kuwa aka yi. Na zauna kusa da ƙofa, ƙaramar tana kan cinyata. Da mawaƙa suka miƙe sai na ga sun matsa, sun cike gurbinsa, kamar ba a taɓa yin wani a wurin ba. Ba laifinsu ba ne, ai ba a barin layi da giɓi. Amma kuka ya ƙwace mini, irin mai sauti, har mutane suna waiwayowa.

Da aka tashi, wata 'yar'uwa daga zumuntar mata ta riƙe hannuna ta ce, "Haba 'yar'uwa, share hawayenki. Mu ba ma baƙin ciki kamar marasa bege. Ya tafi gida, ya huta." Har yau ban riƙe ta a zuciya ba, da ƙauna ta faɗa. Sai dai na koma gida da kaya biyu: ga rashi, ga kuma tunanin cewa bangaskiyata ce ta gaza. Daga ranar na koma kuka a ɓoye, sai yara sun yi barci. In aka ce mini yaya haƙuri, in yi murmushi in ce da godiya, alhali ko addu'a na durƙusa yi, bakina ba ya buɗuwa.

Ranar Laraba da yamma wata tsohuwa ta ikkilisiyarmu ta zo, wadda dukanmu muke kira Mama. Ita ma gwauruwa ce tun kafin a yi mini aure. Ta daɗe a zaune ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "'Yata, ɗauko mini Littafin babansu."

Tun rasuwar ban taɓa shi ba. Bangon ya yage, ya ɗaure shi da roba. Ina buɗewa wata 'yar takarda ta faɗo, lambobin waƙoƙin da za su koya ne, da rubutun hannunsa. Mama ta jira ni, ba ta ce in yi shiru ba. Da na lafa ta ce idonta ba ya gani sosai, in karanta mata Zabura 88.

Aya 18 ce duka. Mutumin yana kuka dare da rana, yana cewa ya kusa da kabari, yana tambayar Ubangiji don me ya ɓoye masa fuska. Ina ta jiran inda zai juya ya fara yabo, kamar yadda aka saba gani a sauran zabura, sai kawai ta ƙare a kan an raba shi da ƙaunatattunsa, duhu ya rage masa.

"Kin ga inda ya ce daga baya komai ya yi daidai?" in ji Mama.

Na ce, "A'a, Mama."

Ta ce, "Babu shi. Kuma Allah bai sa a cire ta ba. Duba sama ki ga wa aka ba."

Na duba. Ta wani mai suna Heman ce, kuma shugaban mawaƙa aka miƙa wa. Wato waƙa ce ta rerawa a gaban jama'a, irin aikin da maigidana ya yi shekara 14. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

A daren na koma ga ayar da 'yar'uwar nan ta ja mini, 1 Tasalonikawa 4:13, na karanta a hankali. Bulus bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana. Da aka jajjefi Istifanas, masu tsoron Allah ne suka binne shi, suka kuma yi masa makoki mai zafi, yana nan a Ayyukan Manzanni 8:2. Yesu kansa ya iso Betanya Li'azaru yana da kwana huɗu a kabari, ya san sarai zai tashe shi a ranar, duk da haka ya tsaya ya yi hawaye tare da Maryamu, 'yar'uwar Li'azaru. To wa ya koya mana cewa hawaye rashin bangaskiya ne?

Ina ƙaunar ikkilisiya, ita ta ɗauke ni a makon farko, ba zan manta ba. Amma mun iya cika gidan makoki kwana bakwai, ba mu iya wata na uku ba, lokacin da waya ta daina ƙara. Waƙoƙinmu kusan duka na nasara ne, mai baƙin ciki ya shigo ya rasa wadda zai sa baki a ciki.

Lahadin da ta biyo na zauna kusa da Mama. Mawaƙa suka miƙe, na yi kukana, ta dafa gwiwata tana bin waƙar a hankali har aka gama.

Muna hanyar gida ne babban ɗana, mai shekara 11, ya ce mini shi ya daina zuwa makarantar Lahadi. Na ce don me? Ya ce, "Mama, kullum na yi wa Baba addu'a a asibiti, Allah bai ji ba." Abin da na amsa masa, da kuskuren da na yi a ciki, sai a mako mai zuwa in Ubangiji ya bar mu.